Gidan da Ke Cikin Faifai

A Zango, bayan tashar motocin Tanut,
inda Lawali ke gasa tsire yanzu,
da can akwai ƙofa mai shuɗin fenti,
da allo a bisanta: Inuwa da Haske.
Shekara tara ina share dakalin wurin.

Ma'azu ya buɗe shi da kuɗin gonar ubansa.
Na'ura biyu ya taho da su daga Kwatano,
naɗe cikin bargo kamar jinjirai,
allonsu mai ƙeya, nauyin buhun gero.
In sun yi zafi, Cima ta yi musu fifita
da maficin da take hura wutar shayi.

Sana'armu gini, ba ƙasa, ba ruwa,
a garin da ake kwana layin famfo.
Alhaji ya zo da takardar fili,
Ma'azu ya ja layi, ya tada bango,
ya ce wa rana ta tsaya a la'asar,
inuwa ta kwanta daidai bakin zaure.
Na ga dattijon da ya tuɓe takalmi
kafin ya leƙa ɗakin da ba a gina ba.

Hoto ɗaya kan cinye dare guda.
Na'ura na nishi, muna kan tabarma,
yana saukowa zare-zare kamar a masaƙa.
Saura taki ɗaya, wuta ta ɗauke.
Ma'azu ya ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri,"
sannan ya fita waje ya zagi dutse.

Mun kai mu goma sha ɗaya.
Katin biki, allon kanti,
sabulu mai juyi a akwatin talabijin.
Har daga Mirriya ake zuwa kallonmu,
Kiyari ya yi babur, Cima ta yi firji.

Ba gobara ta ci mu ba, ba ɓarawo.
Sabuwar na'ura muka ɗauko bashi,
kafin mu biya rabi ta tsufa.
Sai ga yaro bisa kabu-kabu
yana yi da babban yatsa, yana dariya,
abin da muke kwana muna roƙon Allah a kai.
Ɗaya bayan ɗaya aka yi sallama.
Mai gida ya karɓi makullinsa ranar Talata.

Amma akwai aikin da ba wanda ya biya.
Kowace Juma'a, bayan an sauko,
Ma'azu kan shiga Birni da igiyar awo,
gidan Gwaggo Habsu, mai zane a goshi.
Ya auna kowace lanƙwasa,
ja da fari, har tsagar da ƙadangare ke shiga,
har gurbin da tulu ya ci a ƙasa.
Damina uku yana shigar da shi.
A ta huɗu ruwa ya kwana yana zuba,
da safe gidan ya koma tudu.

Yanzu ba inda yake sai cikin faifai,
ƙarfe mai faɗin tafin hannu,
a adakata, ƙarƙashin rigar sallah.

Na kai shi Kasuwar Dole wurin masu gyara.
Yaron ya juya shi, ya sake juyawa,
yana neman bakin da wayarsa za ta shiga.
Ya ce, "Baba, irin wannan
ko a Kano sai an tona.
Me ke ciki?"

Na ce gida ne.
Zaure ɗaya, ɗaki huɗu, da kurna.
Ƙarfe huɗu da rabi ne a can,
ba ta taɓa wucewa ba.

Ma'azu yana Agadas, yana ɗaura farantan hasken rana.
In ya kira, farashin gero muke yi.
Bai taɓa tambayata faifan ba,
ni ma ban ce masa na kai shi kasuwa ba.